Kwandon Tumatir Biyu a Shekarar Korona

Bazara ce, zafin Maraɗi ya kai inda ruwan randa ma sai an hura, ga azumi ya ƙarato, ga korona. Ni lokacin uwar yara huɗu ce a unguwar Zariya, karatuna na yaƙi da jahilci. Maigidana direba ne, rufe iyaka ya rutsa da shi a can ƙetare. Abin cefanen da ya bari shi kaɗai gare mu, kuma ba mu san ranar dawowarsa ba.

Sai aka fara cewa za a rufe kasuwanni. Ban tambayi kowa ba. Na ɗaura takunkumi, na hau kabu-kabu har Jiratawa, garin masu lambu, na juye mafi yawan abin hannuna a kan kwandon tumatir biyu, ni da ba ni da firijo. Kwana uku, ƙasan kwandon ya fara tsiyaya. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana toshe hanci, wai Hajiyar tumatir, ko ƙudaje na gayyato buɗa-baki? Na yi murmushi kawai, amma miyar 'ya'yana ce ta wata guda take ruɓewa.

Surukata, tsohuwa 'yar Tibiri da ke zaune da mu, ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, ɗiyata, kawo wuƙa da tabarma. Kauɗa take nufi, busasshen tumatir da na sha cewa abincin ƙauye ne, ba ya shiga tukunyata. Kunya ta kama ni. Muka zubar da ruɓaɓɓun, muka tsaga sauran biyu-biyu, cikinsu yana kallon rana. Kwana shida ina juyawa, ina korar kaji, bayana kamar zai karye. Zafin da ya so cinye su shi ya busar da su.

Kasuwa ba ta rufe ba, amma tumatir ya yi tsada. Mu kuwa har Salla ba mu rasa jar miya ba, kuma ina alfahari da haka. 'Yan'uwana mata, kada ji-ta-ji-ta ta tura ku cefanen tsoro, kuma kada ku raina sanin tsofaffinku.

Ana jajibirin Salla maƙwabciyar ta sake leƙowa, murya ƙasa-ƙasa, wai ko da sauran abin nan? Washegari da safe na cika kwano da kauɗa, na kai mata da kaina, na zauna na nuna mata yadda ake jiƙawa.