Malama Jummare da Aron Ƙarshe

Kafin motocin gonaki su fara fita daga Gadarif ta ƙasar Sudan, Malama Jummare ta riga ta buɗe ɗakin karatu na kwalejin noma. Ta share, ta kakkaɓe kantoci, ta kunna kwamfutocin nan uku da ba sa tashi sai an lallashe su. Shekara ashirin da shida ke nan tana wannan aiki, kuma a watan nan za ta yi ritaya.

Waɗanda suka yi karatu a 2014 ba za su manta da ita ba. Akwai wani littafi kan cututtukan dawa da riɗi wanda babu shi a takarda, sai a kwamfuta. Kamfanin da ya wallafa shi ya gindaya sharuɗɗa: mutum ɗaya ke ara a lokaci guda, ba a kwafa, ba a bugawa, kuma in an ara sau ashirin da shida sai ya rufe. Da jarrabawar ƙarshe ta ƙarato, aro ɗaya ya rage, na kwana goma sha huɗu, ga ɗalibai arba'in.

Cikinsu har da Hiba, 'yar wani mai yankan riɗi daga garin Hawata, wadda ta san in ta faɗi ba ta da halin maimaitawa. Ta zo idonta cike da ƙwalla.

"Ya Ustaza, halas, shi ke nan, aron ya ƙare, wa za a ba?"

"Share hawayenki, ya bitti, 'yata," in ji Malama. "Sun ce mai karatu ɗaya. Kin ji sun ce mai sauraro ɗaya?"

Ta ari littafin da sunanta, ta sa aka shimfiɗa tabarmi kamar zauren malam, ta shiga karantawa da ƙarfi, babi bayan babi, ɗalibai na yi mata tambaya suna rubuta abin da suka fahimta. Wani babban malami da ya so a ba shi aron shi kaɗai, shi ma tabarmar ya hau, har da naɗe ƙafa. A kwana na tara muryarta ta dusashe, sai ta jawo Hiba ta zaunar da ita gaban kwamfuta, Hiba ce ta ƙarasa karantawa.

Ranar da sakamako ya fito, guɗar Hiba har bakin titi. Yau ita ce malamar gona mai duba gonakin yankin Fashaga.

Ke ce, Malama, rijiya mai ba da ruwa ba gori. Ba ki karya doka ba, ba ki kuma bar ɗan kowa a waje ba. Wallahi muna ƙaunarki, mun gode, Allah ya saka da alheri.

Mu kuwa da muka rage, duk wanda littafi ya faɗo hannunsa shi kaɗai, to ya ɗaga murya.