Ma'ajiyar Yaya Mai Zanen Fanka

Yayana bai yarda da akwatin ƙarfe ba. Ya ce ɓarawo can yake fara nufa. Saboda haka takardar da ta fi kowace daraja a shagonmu na Kantin Kwari, cikin turmin atamfa ya ɓoye ta, kuma ko ni da muke benci ɗaya shekara tara bai gaya mini ba.

Takardar ita ce shaidar asalin kaya. Atamfarmu daga Abijan take zuwa, kuma kayan da aka yi a ƙasashen yankinmu ana yi musu sassaucin kuɗin fito. Sharaɗin shi ne ka adana takardar mai hatimi, don ko bayan shekaru 'yan kwastan na iya cewa a nuna. In babu, kayanka na cikin hatsari.

To, akwai wata atamfa da ta yi mana kwantai shekara uku. Ruwan ɗorawa ce, an zuba mata korayen fankoki, kowace fanka da kaza a kanta. Yaya kan ce ko kyauta ka ba mutum ita sai ya riƙe ka a zuciya.

Ranar da ya tafi ɗaurin aure Wudil, sai ga Alhaja, Bayarabiya maƙwabciyarmu a Fagge, tana neman ankon bikin 'yarta. Ta ga fankokin ta ce ita ke nan. Na ɗaure mata su kaf, na yini ina hura hanci.

Da Yaya ya dawo ya ga kanta fayau, sai ya zame ya zauna a ƙasa yana salati.

"Kai, wane turmin ka sayar?"

"Duka, Yaya. Ka sa mini albarka."

"Albarka? Litinin 'yan kwastan za su zo duba takardu, ka sayar da takardar!"

Haushi ya kama ni. Wa ke ajiya a cikin kayan sayarwa? Ya ce ai wannan ba kayan sayarwa ba ce, babu mai hankalin da zai saye ta. Haka muka yi ta musu a adaidaita sahu, muka ratsa cunkoson Bata har rumfar Alhaja a Sabon Gari.

Ba ta bari mun gama gaisuwa ba. Ta zuge jaka ta fito da takardar a cikin leda, ko lanƙwasa babu.

"Alhaji, ni ma 'yar kasuwa ce, na san abin da na riƙe. Amma biki uku na yi a unguwar nan, ba ka taɓa sa mini anko ba."

"Hajiya, ni shadda nake sawa."

Sai ta mayar da takardar jaka ta zuge.

Ranar Asabar, ranar bikin, Yayana, mai furfura a gemu, ya ratsa Fagge cikin riga da wando na fankoki da kaji. Abokansa na kasuwa suka yi ta roƙonsa ya ƙaro musu iska. Na yi dariya har da hawaye, na kuma ji tausayinsa, don saboda shagonmu ya sha wannan kunyar. A wajen bikin Alhaja ta miƙa masa takardar. Ranar Litinin aka duba ta, ko minti biyu ba a yi ba.

Rigar tana nan rataye a bayan shago, takardar na cikin aljihunta. Wannan karon ya gaya mini.