Ciwon kakana mai gudun iska

Shekarata ta biyu ina aiki a labo, ɗakin awon jini na wani asibiti a yankin Konni, aka kawo kakana daga Malbaza. Haƙori ne ya ruɓe masa, muƙamuƙi ya kumbura, zazzaɓi ya ƙi sauka duk da maganin da ya sha. Likita ya ce a ɗebi jininsa a ajiye cikin kwalabe, a ga ko wata ƙwayar cuta za ta tsiro.

Ni na zo da kwalaben, guda biyu. Tsoho ya harare su.

"Ke amarya, guda ba ta isa ba? Miya za ki yi da jinin mijinki?"

Haka muke wasa da shi tun ina ƙarama. Na ce, "Angona, guda ta ƙwayoyi masu son iska ce. Gudar kuwa babu iska cikinta, don akwai waɗanda iska ke kashewa. In ba a yi musu ɗakinsu ba, ba za su nuna kansu ba."

Kwana uku kwalbar farko tana nan garau. Ta biyun ce ta gurɓace. Na kai wa likita sakamako, sannan na biya na yi wa tsoho albishir cewa an kama ɓarawon, kuma mai gudun iska ne.

Ya ce, "Iska na kashe shi, kika ce?"

Na ce ƙwarai.

Da na dawo bayan azahar, na tarar ya sa an jawo gadonsa ƙarƙashin fanka, ya wangale baki yana fuskantar sama. Na san ya kamata in yi magana. Maimakon haka na ce ya ƙara buɗewa, na haƙorin ciki bai samu ba. Ya ƙara.

A haka likita ya shigo da sabon magani. Ya dubi tsoho, ya dube ni, ya ce in same shi a buro, wato ofishinsa. Faɗan da na sha ranar har masu shara sun ji.

Maganin ya karɓe shi, zazzaɓi ya sauka, aka cire haƙorin. Ya koma Malbaza da ƙafafunsa. Wata biyu ya yi ba ya amsa gaisuwata, ya aiko a gaya mini ya sake ni. Sai da na kai masa kilishi da kaina ya mai da ni.