Hajiya Idan da Farin Allonta

Kafin injinan kamfanin takalma su fara ruri da safe, taga ɗaya ce a hawa na biyu take riga sauran buɗuwa. Ofishin ɗan ƙarami ne, tebur ɗaya, kujerun roba, da farin allo da ya sha rubutu har ya koma ruwan toka. Mai ofishin takan ajiye jakarta, ta haɗa shayi, ta tsaya tana kallon ma'aikata suna shigowa, warin fata da gam yana tasowa daga ƙasa. Wanda bai san ta ba sai ya ce mafarkin ido biyu take yi, kuma bai yi ƙarya ba. Aikinta ke nan: ta hango inda kamfanin zai kasance nan da wasu shekaru, sannan ta dawo ta nuna wa masu shi hanyar zuwa can.

Jami'ar tsare-tsare ce, amma ma'aikata Hajiya Idan suke ce mata. Idan fata ta yi tsada fa? Idan babban dillalinmu ya juya mana baya fa? Mai gadi yakan ce ko kwana ka tambaye ta, za ta ce lafiya lau, amma idan.

Duk wanda ya zauna taro da ita ya san yadda take farawa. Takan raba allon gida huɗu: abin da muka fi kowa iyawa, inda muke ɗingishi, ƙofar da ke buɗe a waje, da hadarin da ke tasowa. Ba ta yarda a cika gidan farko a tsallake na biyu. Takan ce mai ɓoye ciwonsa ba ya samun magani.

Shekarar da takalman waje masu araha suka cika kasuwa, kaya suka taru a sito har ƙura ta rufe kwalaye. Manaja, babban ɗan mai kamfanin, ya kawo shawarar a rufe ɓangaren ɗinki, a sayar da injina, a koma shigo da kaya kamar kowa. Ba mugunta ce ta sa shi ba, tsoro ne kada gumin mahaifinsa ya tafi a banza. Sai dai a ɓangaren nan akwai magidanta da zawarawa da ba su da wata sana'a.

Hajiya Idan ta roƙi a ba ta lokaci. Ta kira shugaban masu ɗinki, da direban da ke kai kaya, da matar da ke tsaron shagon kamfanin, ta zaunar da su kusa da manaja. Mai shago ta ce iyaye suna kukan takalmin waje ba ya kai zangon karatu ɗaya a ƙafar yaro. Direba ya ce magina da makanikai suna neman wanda ƙusa ba za ta huda ba. Daga nan ta zana hanyoyi uku: a koma dillanci, a karya farashi a yi ta gwabzawa, ko a bar takalman ado a riƙe na makaranta da na aiki, tare da gyara kyauta ga wanda ya saya. Kowace hanya sai da ta auna ta da tambayoyi iri ɗaya. Ta dace da abin da hannunmu ya iya? Muna da ƙarfin ɗaukarta? In ta kife da mu, za mu iya tashi?

Hanya ta uku ce ta tsira, amma da ƙaya a cikinta. Takalmin adon da za a daina shi ne wanda dattijon mai kamfanin ya fara ɗinkawa da hannunsa tun yana saurayi. Waɗanda suka halarci zaman da aka gaya masa sun ce ya ɗauki ƙafa ɗaya ta takalmin yana shafa ta, idonsa ya tafi can nesa.

"Baba," in ji ta, "wannan takalmin shi ya haifi kamfanin nan, amma ba shi zai raine shi ba."

Dattijon ya yi murmushi. "Idan kuma kin yi kuskure fa, 'yata?"

"Shi ya sa ba za mu sayar da ko inji ɗaya ba, Baba. Mu bar wa kanmu ƙofar komawa."

Shekarar farko an sha wuya. An rage awannin aiki, wasu suka gaji suka tafi, har akwai masu kau da kai in ta wuce. Ba ta kare kanta ba, ta ci gaba da bibiyar abin da kasuwa ke faɗa. A hankali iyaye suka fara zuwa riƙe da hannun 'ya'yansu, uwa ta gaya wa uwa, har ta kai ɗan mai kamfanin da kansa ya sa aka ƙaro masu ɗinki.

Hajiya, ke ce mai hangen hadari tun rana tana tsaka. Sunanki ba ya kan kwali, ba a taɓa ɗaukar hotonki wajen yanke ƙyalle ba, amma tukwane da yawa suna kan wuta saboda tambayoyinki. Kin koya wa manya sauraron direba, kin koya wa ƙanana faɗin gaskiya a gaban manya ba tare da rashin kunya ba.

A watan nan ta yi ritaya. Masu ɗinki sun haɗa baki da 'yarta aka sato musu awon ƙafarta, suka ɗinka mata takalmi mai laushi saboda gwiwarta da ta fara ciwo, kowa ya sa hannu ko da zare ɗaya ne. Da ta saka shi ta taka a gabansu, sai ta rufe fuska da gefen mayafi.

Mun gode, Hajiya. Allah Ya ba ki hutu cikin lafiya, Ya albarkaci zuri'arki. Ku kuma da kuke riƙe da ragamar wata sana'a, babba ko ƙarama, ku yi koyi da ita: kafin ku yanke shawara, ku zauna ku auna, ku kira waɗanda abincinsu ke rataye da ita ku ji ta bakinsu.