Ɗiyata da Kusanta

Shekarar da ɗiyata ta fari za ta gama jami'a a Aliero, ta dawo gida Jega ta ce mana binciken da za ta yi a kan kusa ne. Kusu dai shi ne ɓera a bakinmu na nan, idan suna da yawa mu ce kusa. Babanta, wanda ya yi rayuwarsa yana fatattakar su daga buhunan gero a kasuwa, ya ajiye cokali ya dube ta.

"Mi kika ce? Kusu za ki yi wa karatu?"

Ta yi dariya ta bayyana mana. Akwai matan da tiyata ke kamawa suna da ciki, dole a yi musu allurar barci. Abin da take son sani shi ne ko maganin yana taɓa ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki. Tunda ba a gwada irin wannan a jikin mutum, sai a fara da dabba.

Wata Asabar na bi ta don in gani da idona. Ɗaki ne mai tsabta a bayan ajujuwa, da fararen kusa cikin keji, idanunsu jajaye. Yarinyar da a da ko kyankyaso ta gani sai ta hau gado, ita ce na ga ta sa safar hannu ta ɗauko ɗaya a hankali kamar jariri. Wasu iyayen kusan an sa su barci lokacin da suke da ciki, wasu ba a taɓa su ba. 'Ya'yansu take gwadawa. Tana da wani ƙaton baho cike da ruwan da ta gauraya da madara don kada a ga ƙasa, ta ɓoye ɗan dandamali a ciki. Sai ta saki ɗan kusu ya yi ta iyo har ya dace da wurin tsayawa, ta tsamo shi ta goge shi da tawul. Washegari ta sake sakinsa, ta ga ko ya tuna. Na tsaya ina kallo har na manta da kaina, ina ce wa wani ƙarami, "Dama, dama za ka bi!"

Ana cikin haka magana ta fita cikin dangi, ta kuma sauya kama a hanya. Kafin ta isa Liba ta ƙasar Maiyama, inda ƙanwata ke aure, ta zama wai 'yar jami'a ta gano allurar barci tana sa a haifi dolo. Ƙanwata kuwa tana da ciki a lokacin. Ciwo ya turnuƙe ta, likita ya ce afendis ne, wato ɗan tsiron hanji ne ya kumbura, ba makawa sai an yi aiki. Ta ƙi. Ta sa mijinta ya maido ta gida, tana murƙususu tana cewa gara ta haƙura da a lalata mata ɗa.

Mijin ya kira ni da hantsi. Ina gaya wa ɗiyata, ta bar abin da take yi ta same ni a tasha, muka kama hanya.

Mun tarar da ɗaki cike da mata, surukar ƙanwata na zaune bakin ƙofa. Ni kaina na rasa ta inda zan fara. Ɗiyata ta gaida kowa, ta durƙusa gefen katifa ta riƙe hannun mara lafiya.

"Inna ƙarama, an ce ni na faɗi maganar nan. To ga ni, ban faɗa ba."

"Ba ke kika gani ga kusanki ba?"

"Ban ma gama aikin ba. Kuma ko na ga wani abu, kusu ba mutum ba ne, cikinsa na 'yan makonni ne. Su likitoci awon maganin suke yi, sun kuma san kina da ciki. Ba zan rantse miki cewa na san komai ba. Amma abu ɗaya na sani, idan abin nan ya fashe a cikinki, daga ke har ɗan kuna cikin hatsari."

Surukar ta ce, "Yarinya, kin tabbata?"

"Hajiya, da ni ce kwance nan, da tuni na ce a kai ni."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma ƙara gishiri don a yarda da ita ba. Can ƙanwata ta juyo ta dube ni.

"Yaya, ki ce a kawo mota."

A ranar aka yi aikin. Ɗiyata ta tsaya da likitan tana yi masa tambayoyi, yana amsa mata kamar abokiyar aiki, ni kuwa ina gefe ina ji kamar in tare duk mai wucewa in ce tawa ce. Da ƙanwata ta farfaɗo, ruwa ta fara nema, sannan ta tambaya ko cikin yana motsi. Aka ce mata yana yi.

Da lokacin kaka ya zo, ƙanwata ta haifi mace, lafiya lau. Ɗiyata ta gama bincikenta ta kare shi gaban malamanta. Na tambaye ta abin da ta samu, ta ce ta ga alamun da suka isa a ci gaba da nema, amma ba su kai a tsorata mai ciki ba. Yanzu tana shirin ƙarin karatu, kuma matan danginmu idan likita ya faɗa musu abin da ba su gane ba, ita suke kira a waya kafin su kira ni.