Sarki Mai Hanci Biyu

A zamanin da kowane kwabon azurfa na ƙasar Ingila yake fitowa daga ƙarƙashin guduma, garinmu bai da mabugi kamar Turstan. Tun yana saurayi ya shiga maƙerar da Hamo, mai izinin buga kuɗi, ya gada daga baya, kuma a nan furfura ta same shi. Aikin dai guda ne: a ɗora ɗan faifan azurfa a kan hatimin da ke ƙasa, a danne shi da na sama, a sauke guduma sau ɗaya tak. Sai fuskar sarki ta fito a gefe guda, gicciye da sunan Hamo a ɗayan. Turstan yakan shaida wa mutane cewa bai taɓa maimaita bugu ba, ko da babu wanda ya tambaye shi.

Da ƙarfin damtse ya ja baya, bugu ɗaya ya daina wadatarwa. Ya riƙa ƙara na biyu a sace, yana tari don kada a ji. Sai dai azurfa takan gusa tsakanin bugu da bugu, saboda haka sarki ya fara fitowa da hanci biyu.

Hamo ya ɗaga wani kwabo a hasken taga. "Baba, wane ne wannan?"

"Sarki ne mana."

"Shi da ƙanensa? Sunana ne fa a baya! In wakilin sarki ya gani, hannuna za a sare, ba naka ba. Ajiye gudumar nan."

Turstan ya koma gida, ya ƙi taɓa romon wakensa. Matarsa Gunnild ta ce, "Tsoho, kai da ko gurasa sai ka daka mata ƙulli kafin ka gutsura? In ka zauna mini a gida, tukwanena sun shiga uku." Washegari ta tasa mijin a gaba, ta tare Hamo a ƙofar maƙera kan ya ba shi wani aiki, kuma ba ta rage murya ba.

A lokacin ba a buga rabin kwabo. Cikakken ake datsewa da almakashi, a bi layin gicciye. Hamo, wanda ya fi tsoron Gunnild a kan wakilin sarki, ya miƙa wa Turstan almakashin.

"Ni? Tela ka mayar da ni?"

Hamo ya ce, "To, a mayar da kai wajen tukwane?"

Turstan ya dubi matarsa, wadda ta riga ta kama ƙugu. Ya ja kujera kusa da mabugan, inda ƙarar guduma take isa kunnensa, ya karɓi almakashin. A nan ya ƙare kwanakinsa, yana datsa yana kushe bugun kowa.