Kwalayen Inabi Marasa Takarda a Al Ras

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar filin jirgin Kano, ni da maƙwabcin shagona mai sayar da turare. Ni sana'ata abin shan biki, musamman ruwan inabin nan mai kumfa marar giya da ake jerawa gaban amarya da ango. Shekara goma sha biyu ina sarinsa a hannun wasu, sai bana na ce bari in je Dubai in ɗauko da kaina. Jarina bai taka kara ya karya ba, sunana ne ke sayar min da kaya.

Muka sauka cikin wani zafi mai ɗanɗanon gishiri. Titi sumul, direban tasi bai danna ham ko sau ɗaya ba, har na fara zargin ya lalace. Masaukinmu a unguwar Deira ɗaki ne da in ka miƙe hannu sai ka taɓa bango biyu, amma shinkafar 'yan Pakistan da ke ƙasan benen ta sa na yafe musu. Abokin tafiyata kuwa shayin karak ya zame masa jaraba, kofi shida a wuni.

Kun san halinmu, in akwai hanyar kaiwa ga mai kaya ba ma tsayawa wurin dila. Na nemo ofishin wakilin kamfanin da ke yin ruwan inabin, na shiga da ƙarfin gwiwata. Mutumin ya ba ni kujera, ya ba ni ruwa, sannan ya ce ba zai sayar min ko kwalba ɗaya ba. Wai suna da dila mai rajista, yarjejeniyarsu tana gaban hukuma, in suka zagaye shi kotu ce za ta raba su. Ya ƙara da cewa kamfanin nasu yana yin giyar inabi ta gaske, ita kuma ba mai shigo da ita ko ya sara ko ya ajiye sai mai lasisi na musamman. Na saki baki. Ga mai saye a zaune, ana ce masa ya tafi! Kuma ashe a ƙasar nan ta Musulmi har giya tana da dokar wanda zai sayar wa wa. Na fito raina a ɓace.

Washegari a kasuwar Al Ras, tsakanin buhunan kayan ƙamshi, wani dillali ya ja ni gefe. Habibi, habibi, ya ce yana da irin kayan da nake nema, ƙasa da farashin dila, sai dai babu takarda. Ya kai ni wani sito, na ga kwalaye jibge da hoton inabi a jiki, na leƙa ɗaya na ga kwalabe masu zinariyar wuya irin na shagona. Muka yi musafaha. A wurinmu ai magana ta ƙare kenan.

Na je wurin ejan ɗin da za ta loda min kaya a kwantena, wata Hajiya 'yar Fagge da ta daɗe a garin. Ta ce ina takardar saye. Na ce ai mun yi musafaha.

"Alhaji, musafaha zan nuna wa kwastan? Yalla, mu je in gani."

A siton ta zaro kwalba, ta sa tabarau, ta duba bayan kwalbar. Sai na ga fuskarta ta canza.

"Innalillahi! Ka karanta wannan kuwa? Giya ce, Alhaji. Wannan za ka kai wa mutane biki?"

Muka fice daga siton ba shiri. A hanya ta wanke ni tas. Ta ce giyar da ta fito ta hannun mai lasisi tana da takarda tun daga kamfani har zuwa dila, wadda ba ta da ita kuwa ta ɓarauniyar hanya ce. Da giyar ta hau kwantena da sunana, da ita Hajiyar ta rasa lasisinta, ni kuma fasfona ya kwana a hannun hukuma. Ban taɓa warware ciniki bayan musafaha ba sai ranar, kuma ban ji kunya ba ko kaɗan.

Na nufi wurin dila mai rajistar nan da na raina, na saya da tsada, ya ba ni takardu har da shaidar cewa babu giya a ciki. Ribar dai ta tafi. A jirgin dawowa abokina yana ta tsokanata, ni ko murmushi na kasa.

Ranar da na buɗe shago bayan na dawo, wata dattijuwa ta zo sayen na walimar jikarta. Ta nuna kwalba ta ce, "Ɗan nan, halal ne dai ko?" Na ce eh, Baba. Ko kallon kwalbar ba ta yi ba, ta sa aka ɗaukar mata kwali uku. Nan na gane abin da tafiyar ta koya min: ba wanda ke karanta bayan kwalba a layinmu, bakina suke saurara, ni kuma shekara goma sha biyu ban taɓa karantawa ba.

Tana fita na ja ƙofar shagon, na sauko da kwalaben da ke kan kanta, na zauna a ƙasa ina karanta bayansu ɗaya bayan ɗaya.